Gurbi na Sha Uku

Idan na gaya wa matasan yanzu cewa na ci abinci shekaru da sana'ar cire abu ɗaya daga jeri in sa wani a gurbinsa, dariya suke yi. Wani ya taɓa zaro wayarsa ya nuna mani: ka danna nan, ka goge, ka rubuta, shi ke nan, Baba. Na ce masa haka ne, ni ma na iya. Sai dai shi yana kallon abin da yake gogewa. Mu a zamaninmu lamba kawai muke ba na'ura, mu ce mata gurbi na kaza, ita kuma ba ta tambayar wanda ke zaune a wurin.

Ni mutumin Kurfi ne, sunana Habu. Da tafireta na fara a Kaduna, a tsakiyar shekarun saba'in. Wata rana aka zo ofis ana neman wanda yatsunsa ke da sauri kuma ba ya tsoron lissafi, aka nuna ni. Haka na faɗa hannun wani Ba'indiye, Mista Menon, mai koyar da harshen kwamfuta da ake kira APL. Maɓallan injin cike suke da kibiyoyi da da'irori da ƙananan akwatuna, ranar farko na ɗauka hatimi ne. Kuma daga dama ake bin layinsa zuwa hagu. Abokan karatuna da suka fito daga makarantun mishan sun sha fama da wannan, kansu ya riƙa juyawa. Ni da na tashi da allo a hannu, sai na ji kamar an mayar da ni zauren malaminmu.

Mista Menon yana da ƙa'ida guda, kuma a kanta yake yi mana faɗa kullum: ba ya son a raɗa wa abu suna a tsakiyar aiki. Yawancin masu rubuta wa kwamfuta umarni, in sun yi ɗan lissafi sai su ajiye amsar su sa mata suna, su yi wani su ajiye su sa suna, kafin a gama an tara jama'a. Shi kuwa so yake ka haɗa ayyukan baki da baki, abin da ya fito daga wannan ya faɗa cikin wancan, har ƙarshen layi. Kun taɓa ganin magina suna jefa tubali daga ƙasa zuwa kan katanga, hannu zuwa hannu? Ba wanda ke tsayawa ya ajiye tubali ya yi masa lakabi. To haka. In ka kai masa takardarka ya ga suna a ciki, sai ya ɗora babban yatsa a kai, ya tambaye ka da gurguwar Hausarsa ko wannan surukinka ne da ba za ka iya korarsa ba.

Aikin da ya fi ƙin wannan salo shi ne sauya abu a gurbinsa. Hanya mai sauƙi ita ce ka kira jerin da sunansa, ka nuna gurbin, ka goge, ka rubuta. Amma ka ga ka kira suna, kuma ka ɓata na asali. Hanyar da ya koya mana daban ce. A ce gurbi na uku za ka sauya. Sai ka jera lambobin gurabe daga ɗaya zuwa ƙarshe, ka tambaye su duka lokaci guda, wane ne na uku a cikinku. Kowa ya amsa sifiri, na ukun ya amsa ɗaya. Sai ka liƙa baƙon, wato sabon abin da za ka sa, a wutsiyar jerin, ka yi ɗan lissafi da amsoshin nan yadda lambar wanda ya amsa ɗaya za ta juya tana nuna wutsiya, sannan ka ɗebo. Sabon jeri ya fito, tsohon yana nan ba a taɓa shi ba. Duk wannan layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsa biyu ba. Na yi watanni kafin in rubuta shi ba tare da yatsan Mista Menon ya sauka a kai ba.

Daga baya sana'ar ta kai ni Khartum da Abijan da Jidda, na yi ta cikin Larabci da Faransanci, kuma ko'ina rigimar ɗaya ce: daga ina ake fara ƙirga. A Abijan na taɓa kama ɗaki a otal aka ce hawa na ɗaya, na yi ta zagaye a ƙasa da jakata, ashe su ƙasa sifiri ce, sai ka hau matakala kake isa ɗaya. Na'ura ma haka take, akwai mai farawa daga sifiri, akwai mai farawa daga ɗaya. In ba ka tambaya ba tun farko, maƙwabcin wanda kake nufi za ka kora. Shi ya sa har yau in aka ce mani gida na uku daga masallaci, nakan tambaya ko da masallacin ake ƙirgawa.

A farkon shekarun tamanin aka turo ni Dutsin-Ma, ofishin wani aikin raya karkara. Na'urar da na tarar girmanta kamar akwatin ƙarfe na matafiya, gilashinta bai fi tafin hannu ba, tana ajiye aiki a kaset. Janareto ne ke riƙe da ita. Ɗakinta ne kaɗai mai iyakwandishan a duk ofishin, don haka ban taɓa rasa masu ziyara ba. Da rana ta take sai ka ga malaman gona da direbobi sun tuna suna da tambaya a wurina.

Aikin farko da na yi mata shi ne jerin malaman gona da ƙauyukansu. Duk wata sai an yi wa wasu canjin wurin aiki, kuma da can akawu ke sake buga takardar tun daga sama. Ni kuwa in aka ba ni lambobin gurabe da sababbin sunaye, kafin manaja ya shanye shayinsa takarda ta fito. Manajan, Malam Sada, mutum ne mai saurin fahimta da son tambaya. Yakan tsaya a bayana ya ce in nuna masa yadda abin ke tafiya, har ya kai ya san me layina ke iyawa da me ba ya iyawa. Matsalarsa guda ce, ba ya iya kallon babban mutum ya ce masa a'a.

Shekarar da ta fi ba mu wahala ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri. Gero bai cika ido ba, kuma tun kafin bazara rijiyoyi suka ƙafe. Muna da motar haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, a hannun Mista Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Daga Kaduna aka aiko da bututu da kan famfo na rijiya goma sha biyu, ba ƙari. Muka jera ƙauyuka goma sha biyu bisa yadda hanya ta bi. Gurbi na uku ya faɗa kan Unguwar Kanya, wata 'yar ƙaramar unguwa a ƙasar Tamawa, a ƙetaren gulbi. Dole mota ta ƙetare tun gulbin yana yashi, domin da ruwan farko ya sauka mashigin ya rufe sai wata shekara. Mista Bitrus har ya je ya kafa turke inda za a haƙa, mutanen unguwar sun share wurin.

Sai ga Alhaji Barau. Ɗan kwangila ne, yana da ƙafa a Kaduna, kuma ya dasa mangwaro da gwaiba a gonarsa wajen Kutawa, suna bushewa. Ya shiga ofishin manaja ya daɗe. Da ya fita, Malam Sada ya leƙo ɗakina, bai ko shigo shan sanyi ba, ya ce gurbi na uku, a sa gonar Alhaji Barau. Na ce masa Unguwar Kanya ce a wurin. Ya ce shi lamba ya ba ni. Na buga, takarda ta fito, ya sa hannu.

Ranar kasuwar Kurfi mutanen Unguwar Kanya suka tare Mista Bitrus suna tambayar yaushe mota za ta zo. Ya gaya musu an cire su. Da suka tambayi wanda ya cire su, sai ya maimaita abin da manaja ya ce masa ya faɗa: na'ura ce ta yi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na ji sallama a ƙofar ɗakina. Mai unguwa Gide ne na Unguwar Kanya da dattawa biyu, sun taho a kan kekuna, ɗaya riƙe da zabuwa, ɗaya da ƙullin goro. Mai unguwa ya san mahaifina, ya kira ni da sunan yarinta, ya ce ba wurina suka zo ba, wurin wadda ta cire su suka zo. Suka tuɓe takalma, suka shigo, suka zauna a ƙasa gaban tebur. Sanyin ɗakin ya sa ɗaya daga cikinsu ya ja mayafinsa. Mai unguwa ya gaida na'urar yadda ake gaida baƙo mai daraja, ya tambayi gajiyarta, ya ɗan saurara. Sannan ya juyo.

"Ɗana, an ce kana jin yarenta. Tambaye ta, mi muka yi mata?"

Na ce masa, Baba, ba ta san ku ba. Ba ta san Unguwar Kanya ba, ba ta san gulbi ba. Na buga layin na nuna masa yadda take tambayar gurabe, kowa ya ce sifiri, guda ya ce ɗaya. Na ce abin da ta sani ke nan, uku.

Ya kalli gilashin. Sai ya ce, "To ita da ba ta zuwa ko'ina, wa ya gaya mata uku?"

Ban kai ga amsawa ba na ji muryar Malam Sada daga bakin ƙofa. Ashe ya ga kekuna ya biyo. Ya ce, "Ni ne, Baba."

Na zaci za a yi hayaniya. Mai unguwa sai ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce shi bai zo jayayya da hukuma ba, mai abu shi ke rabon abinsa. Amma a wajensu, ko a gayya aka ɗage ranar mutum, akan taka a je gidansa a gaya masa baki da baki, don ya san yadda zai yi da tuwon da ya sa a tuƙa. Ya ce matan unguwar sun daina zurfafa ramukan da suke tona a yashin gulbi tun ranar da aka kafa turke, suna cewa wahala ta kusa ƙarewa. Abin da yake roƙo kawai, manaja ya zo da kansa ya gaya musu su ci gaba da tono, domin shi ya faɗa ba su yarda ba.

Malam Sada ya ce zai je. Aka ɗora kekuna a bayan motar ofis suka tafi tare, suka bar mani zabuwa ɗaure a ƙafar tebur. Ban san abin da ya gani a gulbin ba, bai taɓa ba ni labari ba. Da la'asar ya dawo, takalmansa duk yashi, ya zauna a kujerar baƙi ya tambaye ni ko mayar da Unguwar Kanya gurbinta zai yi wuya. Na ce tsohon jerin yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Ya ce in buga masa shi. Zabuwar kuwa Mista Bitrus ya tafi da ita gida, ya ce shi aka sa ya yi ƙarya, shi ya kamata a biya.

Saura Alhaji Barau. Labari ya kai masa, ya iso da babbar riga da direba. A wannan karon a ɗakina aka yi zaman, don ya ce yana son a sa sunan gonarsa yana kallo. Malam Sada ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce gurbi na uku ya zo da dattawa, sauran guraben ma kowanne da dattawansa, amma ga gurbi na sha uku babu kowa a ciki, mota na gama na sha biyu sai gonar Alhaji. Alhaji ya ɓata rai, ya ce zai iya ɗaukar mota yanzu ya tafi Kaduna, gobe a dawo masa da ukunsa. Kuma gaskiya ne, zai iya. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, in dai zai fita da takarda mai sunan gonarsa.

Malam Sada ya juyo ya ce, "Malam Habu, gurbi na sha uku, sa gonar Alhaji."

Na buɗe baki zan tuna masa cewa jerin sha biyu ne, kuma sauyawa ba ta ƙara wa jeri tsawo, sai na ji takalmin Malam Sada a kan ƙafata. Ya sani sarai. Ƙara ƙauye a jeri wani aiki ne daban, kuma in ya sa hannu a kan rijiyar da babu bututunta, shi za a kama. Na buga abin da aka ce.

A nan ne za ku ga bambancin salo. Da ta hanya mai sauƙi na rubuta layin, na'urar za ta yi tsawa da manyan baƙaƙe ta ce babu wannan gurbin, kowa ya gane. Layin Mista Menon ba ya tsawa. Ya tambayi gurabe wane ne na sha uku, kowa ya amsa sifiri, sai ya ɗebo jerin yadda yake. Takarda ta fito, ƙauyuka goma sha biyu, babu gona. Alhaji ya sa tabarau ya duba. Ya ce a sake. Na sake, a hankali, yana kallon yatsuna, yana ganin sunan gonarsa ya shiga baƙi bayan baƙi. Takarda ta fito kamar ta farko. Ya ce shi zai danna maɓallin ƙarshe da kansa. Ya yi bisimilla ya danna. Haka dai.

Na yi aiki da Turawa, in sun ƙi abu sukan ce sun ƙi, har su ba ka dalili a rubuce. Na yi da Larabawa, su sai su ce maka gobe. Amma wanda zai karɓi maganarka da ladabi, bai musa ba, bai ɗaga murya ba, kuma ya mayar maka da ita yadda ka kawo, wannan Alhaji Barau ya san irinsa, domin a ofisoshin Kaduna ya yi rayuwarsa. Na ga fushin ya sauka daga fuskarsa. Ya daina kallon manaja, ya koma kallon na'urar, har da ɗan murmushi. Da za su fita ya bari Malam Sada ya yi gaba, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, tsakani da Allah. Ita wannan, mi take so?"

Na ce, ranka shi daɗe, ba ta cin komai, ba ta shan komai. In ban da janareto da ke shan dizal, ba ta da wata buƙata.

Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa babban sirri, ya ce ya gane.

A lokacin kuwa muna cikin wani hali. Dizal ya yi wuya a ko'ina, rabonmu bai iso daga Kaduna ba, motar haƙa ta gama rijiya ta biyu ta tsaya cak. Mista Bitrus kullum yana ofis yana kallon gabas, don hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ya ce in ruwa ya riga shi zuwa gulbin, to, Unguwar Kanya ta ci gurbinta a takarda kawai.

Washegari a-kori-kurar Alhaji ta shigo harabar ofis, bayanta cike da gangunan dizal. Direban ya ce Alhaji na gaida na'ura, ya ce a ba ta ta sha. Malam Sada ya fito ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ganguna. Ya ce wa direban ya gaya wa Alhaji an gode, ofis ya karɓa, kuma za a yi aikin ofis da shi. Sannan ya ce a sauke ganga ɗaya a bakin janareto don kada a ce ba a isar da saƙo ba, sauran a juya da su wurin Mista Bitrus. Mista Bitrus bai jira an sake faɗa ba, ya haye gaban motar kusa da direba yana nuna masa hanya.

Suka ƙetare gulbi yana yashi. Ƙasar wurin dutse ce, haƙar ta ɗauki lokaci, har an fara yayyafi suna kan aiki. Amma ruwa ya fito, mai yawa, mai daɗi. Motar ta samu ta dawo da ƙyar, ruwan gulbi na dukan tayoyinta. Alhaji kuwa bai je Kaduna ba. Ya yi ta aiko direba yana tambaya ko na'ura ta sauko, ni kuma ina cewa har yanzu jerin sha biyu ne. Kafin ya gaji damina ta kankama, mangwaronsa suka farfaɗo da kansu, maganar ta mutu.

Ranar da aka ɗaura kan famfo na je, don Mai unguwa Gide ya aiko cewa lallai tafintan na'ura ya zo. Muna tsaye sai ga motar Alhaji Barau a ɗaya gaɓar. Direbansa ya riga ya gaya masa inda ganguna suka tafi. Malam Sada ya fara neman inda zai ɓuya. Alhaji ya naɗe ƙafar wando, ya ƙetaro, ya gaisa da kowa, ya kama hannun famfo ya tuƙa har ruwa ya zubo, ya tara hannu ya sha. Sannan ya juya ya gaya wa jama'a cewa shi dama ya daɗe yana son ya yi wani abu saboda Allah a wannan yanki, da ya ji motar gwamnati ta rasa mai sai ya ce ba za a yi haka yana raye ba. Mai unguwa ya yi masa godiya mai tsawo, aka shafa fatiha, mata suka yi guɗa.

Har Allah ya yi masa rasuwa, Alhaji Barau yana gaya wa mutane shi ya haƙa wa Unguwar Kanya rijiya. An sha tambayata ko gaskiya ne, tunda ina wurin. Ban taɓa ƙaryata shi ba. Man nasa ne.